Tattaki a bakin kogin Cole: abin da tsohon injin niƙan Sarehole ya tuna mini game da Kakuri

Duk wanda ya zauna a Sparkhill ya san gadar nan ta kan titin Stratford Road, can ƙasa, idan ka wuce shagunan Springfield kana nufin Hall Green. Mafi yawanmu a cikin bas muke tsallake ta, ido na kan waya. Ni kaina na yi shekaru ina wucewa ta kanta ban taɓa leƙa ƙasa ba. Kogi ne a ƙarƙashinta, sunansa Cole. Kogi dai a bakin mutanen nan. Da a gida ne rafi za mu ce masa, domin da rani yaro ma zai iya tsallake shi bai jiƙa gwiwa ba.

Abin da ya kai ni bakinsa ba wani son tarihi ba ne. Likita ce ta ce sukarina ya fara hawa, in riƙa taka ƙafa. Sai kuma ƙaramar 'yata ta dawo da aikin gida daga makaranta, wai su rubuta abin da unguwarsu take kafin a haife su. Ta tambaye ni, na rasa ta cewa. Na san tarihin ƙofofin Kano, na san na Amina ta Zazzau, amma unguwar da na haifi 'ya'ya uku a cikinta ban san komai a kanta ba in ban da masallatai da wurin sayen naman halal. Kunya ta kama ni. Ran Asabar muka sa takalman sanyi muka gangara.

Daga gefen gadar akwai 'yar hanyar ƙafa da ke bin kogin ta nufi kudu. Filin ciyawar da za ka fara shiga ana kiransa Greet Mill Meadow. Kalmar da ke tsakiyar sunan nan tana nufin injin niƙa, kuma ba banza aka sa ta ba: a daidai wurin nan akwai injin niƙa mai aiki da ruwa tun ƙarni na 13, wato shekara fiye da 700 da suka wuce. Ya niƙa hatsi, daga baya aka mai da shi wajen wasa wuƙaƙe da aikin ƙarfe, sannan ya mutu a ƙarni na 19. Yau ko tubali ɗaya ba za ka gani ba. Sunan kawai ya rage a jikin allo. 'Yata ta yi ta dube-dube tana cewa, "Baba, to ina injin?" Na ce mata mu ƙara gaba.

Wannan fili yanki ne na wani dogon wurin shaƙatawa da ake kira The Shire Country Park, wanda ya bi gaɓar kogin na tsawon mil da dama, daga wajen Yardley Wood har ya shigo cikin Sparkhill. Ba lambu ba ne irin wanda aka tsara da furanni da kujeru jere. Daji-daji ne siriri, an matse shi tsakanin bayan gidaje. Kuma kusan kowane yanki nasa tsohon wurin sana'a ne: nan injin niƙa, can tafkin da aka tare domin injin, can ramin da aka haƙi yumɓu. Shiga kyauta ne, ba ƙofa ba mai gadi.

Bayan tafiyar da ba ta kai minti 20 ba, ka wuce mashigin Green Road inda motoci ke ratsa cikin ruwan da tayoyinsu (idan an yi ruwa mai yawa kada ka gwada, mutane da yawa sun bar mota a nan), sai ka hango bututun hayaƙi na jan bulo ya tsaya sama da bishiyoyi. Wannan shi ne Sarehole Mill, kuma shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Bari in yi wa na gida bayani, domin idan aka ce injin niƙa abin da ke zuwa mana a rai shi ne na bakin layi, mai shan gas, mai ƙarar da ke hana unguwa barcin rana. Wannan ba haka yake ba. Gini ne mai hawa, a bayansa an tare ruwa ya zama tafki. Idan aka ɗaga 'yar ƙofar katako, ruwan zai zubo kan wata ƙatuwar ƙafa mai kama da ƙafar amalanke, sai dai ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, kuma an yi mata aljihuna a kewaye. Nauyin ruwan da ya cika aljihunan shi ke juya ta. Ita kuma ta juya wasu ƙarafa masu haƙora, su kuma su juya dutsen niƙa da ke hawa na sama. Duwatsu biyu ne faka-faka, na ƙasa a kwance ba ya motsi, na sama yana kewayawa, hatsi na zubowa ta ramin tsakiya, gari na fita ta gefe. In ka lura da kyau, dutsen niƙan kakanninmu ne da ɗansa, illa dai a nan ruwa ne ya karɓi aikin da hannu da ƙugun mace ke yi da asuba. Babu fetur, babu wutar lantarki. Sarehole na da irin wannan ƙafa guda biyu.

Akwai injin niƙa a wurin tun 1542. Ginin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 18 ne. A shekarun 1750 wani matashi ɗan Birmingham mai suna Matthew Boulton ya yi hayar wurin, ba don niƙa ba, sai don ya yi amfani da ƙarfin ruwan wajen murza ƙarfe ya zama falle-falle, irin wanda ake yanka maɓallai da ƙananan kayan ado da shi. Daga nan ya koma Handsworth ya kafa babbar masana'antarsa ta Soho, a 1775 kuma ya haɗa gwiwa da James Watt suka shiga ƙera injin tururi. Waɗanda suka riski tsohuwar takardar fam 50 ta takarda, wadda aka daina karɓa a 2022, hoton mutanen nan biyu ne a bayanta. Wani abin da ya ba ni mamaki: a masana'antar Boulton aka buga kuɗin ƙarfe na kamfanin da ya mallaki Saliyo a shekarun 1790. Tun a lokacin hannun Birmingham ya kai Afirka ta Yamma, kuma ba duka da alheri ba. Bindigogin da aka ƙera a wannan gari suna cikin hajar da aka riƙa musaya da bayi a gaɓar teku.

Ruwa ba shi da tabbas, wata shekara ya yi yawa wata ya ƙafe, saboda haka a farkon shekarun 1850 aka ƙara injin tururi a Sarehole. Bututun hayaƙin da muka hango nasa ne. Wurin ya niƙa alkama, ya niƙa ƙashi domin takin gona, ya wasa ƙarfe. A 1919 ya tsaya, domin manyan masana'antun fulawa masu nadin ƙarfe sun fi shi sauri da araha. Ya zama kango shekara da shekaru, rufi ya rufta, yara suka farfasa tagogi. Har an yi maganar rushe shi. Mutanen gari ne suka tashi suka yi gangamin tara kuɗi, aka gyara, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1969. Yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta Birmingham, kuma yana ɗaya daga cikin injinan ruwa biyu kacal da suka rage masu aiki a duk faɗin garin, garin da a da koguna da rafukansa ke cike da su.

Cikin waɗanda suka ba da gudummawar gyaran akwai marubucin nan J.R.R. Tolkien, mai littafin The Lord of the Rings da 'ya'yanmu ke kallon fim ɗinsa. Yawancin baƙin da ke zuwa wurin saboda shi suke zuwa, har sunan The Shire da aka sa wa duk filin daga littattafansa aka ɗauko. Ni abin da ya tsaya mini a rai game da shi daban ne. A Bloemfontein ta Afirka ta Kudu aka haife shi a 1892. Mahaifinsa ya rasu a can a 1896, mahaifiyarsa ta zauna da shi da ƙanensa a wani gida daura da injin, a kan Wake Green Road, har zuwa 1900. Maraya ne da aka kawo daga wata nahiya, ya girma yana wasa a bakin tafkin nan ana korarsa. Na gaya wa 'yata haka, ta ce ashe shi ma ɗan Afirka ne. Na ce mata to, da sauƙi-sauƙi dai.

Da ka haye titi ka ɗan hau tudu akwai Moseley Bog, wani daji mai dausayi. Shi ma asalinsa tafki ne da aka tanada domin ciyar da injin Sarehole da ruwa, aka tsiyaye shi a ƙarni na 19, bishiyoyi suka cinye wurin. A 1980 aka so a gina gidaje a kansa. Wata mata 'yar unguwar, Joy Fifer, ta ja gaba aka yi ta fafutika har aka fasa. Yau wani ɓangaren dajin sunanta yake ɗauke da shi. Ba minista ba ce, ba attajira ba. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A hanyar dawowa muka bi ta ɗaya ɓangaren, arewa da gadar, wajen Formans Road. A nan ne Burbury Brickworks yake, tsohuwar masana'antar jan bulo da ta daina aiki fiye da shekara 60 da suka wuce. An cike ramin yumɓun, ciyawa da bishiyoyi suka fito, yanzu tsuntsaye ne masu wurin. Ka tsaya a nan ka waiga ka ga layukan gidajen Sparkhill, ja wur, manne da juna, sai ka gane irin waɗannan ramuka ne suka haifi unguwar. Nan take na tuna kududdufan cikin birnin Kano. Su ma ai haka suka samu: an ɗebi ƙasa an yi gidaje da ganuwa, ramin ya zama matattarar ruwan damina. Mun cike da yawansu da shara mun yi gini a kai, ga shi duk Agusta ruwa na neman hanyarsa ta cikin ɗakunan mutane.

Kada in yi muku ƙarya, wurin nan ba aljanna ba ne. Za ka ga tsohuwar katifa da firij an jefar a bakin ruwa, da keken sayayya na manyan kantuna kwance a cikin kogin. Kuma kogin da na raina yana da fushi: a watan Mayun 2018 ya cika ya shiga gidaje a nan Sparkhill. Hukumar birnin Birmingham kuma ta bayyana a Satumbar 2023 cewa asusunta ya karye, kuma duk mun san idan aljihun hukuma ya yi rauni, lambuna da gidajen tarihi da ɗakunan karatu su ne kan gaba wajen shan wuƙa. 'Yan sa kai ne ke tsintar shara da share hanya a mafi yawan sassan nan. Ranar da muka je na ga wasu dattawa da jakunkunan shara da sandunan tsinta. Ban ga fuska ko ɗaya irin tawa a cikinsu ba, har da ni da nake wannan magana.

To, ina Kakuri ta shigo?

'Yan'uwanmu na Manchesta sun fi mu ganin irin waɗannan kufai, domin su a tsakiyar ƙasar masaƙu suke. A Bury, arewa da Manchesta, akwai Burrs Country Park a bakin kogin Irwell, inda dogon bututun hayaƙi da ramin ƙafar ruwa da harsashin tsohuwar masaƙar auduga suke nan a fili, yara na hawa suna sauka. A kudu kuma, kusa da filin jirgin sama, akwai Quarry Bank da Samuel Greg ya gina a 1784. Ita an adana ta da injinanta, ana tayar da su baƙi su ji ƙarar. A can ba sa ɓoye cewa ƙananan yara marasa galihu ne suka yi wa masaƙar bauta, kuma iyalan Greg na da gonar bayi a tsibirin Dominika.

Tarihin waɗannan masaƙu a ɗaure yake da namu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da garin masaƙa da marina ne, tufafinsa na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Amma ko a lokacin ya ga yadin Manchesta a kasuwar. A 1902 masu masaƙun Lancashire suka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchesta, wadda mutanen Zariya da Funtuwa suka sani da BCGA, da burin ƙasar Hausa ta zama gonarsu. Suka kafa gidajen gurzar auduga. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Sai lissafi ya kuɓuce musu: masaƙan gida na sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali. Ita ma yau sai a hoto.

A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta su Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, tare da wani kamfani mai suna David Whitehead and Sons. Kun san daga ina kamfanin yake? Daga Rawtenstall, wani ƙaramin gari a Lancashire. Tsohon jirgin ƙasa mai tururi da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ta cikin filin Burrs, a Rawtenstall yake ƙare tafiyarsa. Wato mutanen kwarin nan, a daidai lokacin da masaƙunsu suka fara durƙushewa, su ne suka je Kaduna suka kafa mana tamu. Wasu masaƙun suka biyo baya, UNTL da Arewa Textiles da sauransu, har Kakuri ta zama gari guda mai ma'aikata dubbai. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injina, da atamfar waje mai araha da ke kwararowa ta kan iyaka. Haka abin ya faru a Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Kawuna ya yi shekara fiye da 20 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a sashen saƙa. Har yau kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Da daddaren ranar na kira shi ta WhatsApp, na nuna masa hotunan da muka ɗauka. Ya daɗe yana kallon bututun hayaƙin. Sai ya ce, "Ɗana, su nasu ma da ya mutu ana biya a shiga a gani?" Na ce ƙwarai, Kawu, har 'yan makaranta ake kaiwa. Ya yi dariya irin wadda ba ta daɗi ba. Ya ce rabonsa da ƙofar masaƙarsu ya fi shekara goma, ba ya son bi ta wajen, domin abin da ya ji shi ne ciyawa ta fi mutum tsawo kuma 'yan jari-bola sun kwashe abin da za su iya ɗauka.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya: mutumin da bai karɓi haƙƙinsa na sallama ba, ba gidan tarihi yake nema ba. Kakuri aiki take so, ba allon bayani ba. Kuma Ingila ta adana kufanta ne bayan ta ƙoshi. Ban musa ba. Amma Sarehole ta yi shekara 50 cif a mace kafin a buɗe ta, kuma abin da ya sa aka samu abin gyarawa shi ne ba a sayar da ƙafar ruwan a kilo ba. Mu namu injinan ana yanka su da wuta ana aunawa. Idan aka ci gaba a haka, nan da 'yan shekaru jikan Kawu zai ji ana cewa an taɓa saƙa atamfa a Kaduna ya ɗauka tatsuniya ce. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta faro tun 1498, tana nan ne saboda wasu iyalai sun ƙi barin sana'ar, kuma ko a can ramukan da suka bushe sun fi masu baba a ciki yawa.

Shi ya sa na ce ku riƙe labarin matar Moseley Bog. Ƙungiyoyinmu na nan Birmingham da Manchesta suna tara kuɗin jana'iza, da na azumi, da na rijiyar burtsatse, kuma Allah Ya saka. Ban taɓa jin mun zauna mun ce a ɗauki muryar tsofaffin ma'aikatan masaƙa kafin su ƙare ba. Wannan ba ya bukatar gwamna. Waya ce da caji da ɗan haƙuri: wane sashe ka yi aiki, nawa ne albashinka na farko, wane zane ne ya fi kasuwa, me ake yi idan zare ya tsinke, yaya ƙarar jiniyar canjin aiki take. Katin shaidar aiki, hoton rukuni, guntun atamfa mai hatimin kamfani a gefe, duk suna cikin akwatunan iyayenmu ana jira gara ta ci.

Ga masu son zuwa: daga Sparkhill a ƙafa ma za ka iya, ta bakin gadar Stratford Road. Bas mai lamba 11 da ke kewaya gari yana bi ta Cole Bank Road, ƙofar injin ke nan. Hanyar bakin kogi kyauta ce ko yaushe, amma shiga cikin ginin ana biya kuma ba kullum ake buɗewa ba, saboda haka a duba shafinsu na intanet kafin a fito da yara. A sa takalmin da ba a jin tausayinsa, laka ce.

'Yata ta rubuta aikinta shafi biyu, ta zana ƙafar ruwan da ta fi gidan girma. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya cewa kakanta ma ya yi aiki a masaƙa a Najeriya. Malamar ta ce ta kawo hoto. Na sake kiran Kawu, ya ce akwai wani da suka ɗauka a bakin ƙofa ranar da aka ba shi ƙarin girma, yana cikin akwatin ƙarfen Inna, sai dai makullin ya ɓata tun bara. Ya ce zai nemo mai gyaran kwaɗo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci.